Ɓawon mangwaro, ayaba da abarba: me ya sa garin ke dunƙulewa alhali lissafi ya ce ya bushe?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce kina busar da ɓawon mangwaro da na ayaba da na abarba a obin, a digiri 50, 60 da 70, dan ki niƙa ki samu gari, kin gwada fomula biyar na hasashen yanda ruwa ke raguwa a kan awon da kika yi dukkansu sun ba ki R², wato lambar da ke nuna yanda fomula ta dace da awo, sama da 0.99 har kin rasa wacce za ki ɗauka, sannan kuma garin mangwaron da kika zuba a kwalba bai yi sati ba ya dunƙule ya zama kamar dutse. Kin kawo su a matsayin matsala biyu amma ni a ganina matsala ɗaya ce, daga wuri ɗaya suka taso, wato awannin ƙarshe na busarwar, daidai lokacin da sikeli ya kusa daina motsi mutum ya gaji ya ce ai ya bushe. A nan ne garinki ya lalace kuma a nan ne fomulolinki suka bambanta da juna, sai dai R² ba ya iya nuna miki wannan wurin.

Bari mu fara da nauyi tukunna sabida in ba a gane wannan ba sauran duk hasashe ne. Ɓawon ayaba ruwa ne kusan gaba ɗayansa, yakan kai kashi 85 zuwa 90 cikin 100, na abarba ma ya wuce 80, na mangwaro ne ma da ɗan dama-dama, tsakanin 70 da 80. To mu ce kin ɗauki giram 1000 na ɓawon ayaba mai ruwa kashi 88, kenan ruwa giram 880 ne, busasshen abu kuma giram 120 kacal, kuma shi wannan 120 ɗin baya canzawa daga farko har ƙarshe, shi ya sa muke mayar da lissafi a kansa. Raba 880 da 120 za ki samu 7.33, ma'ana kowane giram ɗaya na busasshen ɓawo yana ɗauke da giram 7.33 na ruwa. Wannan shi ake kira lissafi a kan busasshe, kuma da shi ake aikin fomula, ba da kashi cikin ɗari na ɗanye ba, dan shi na ɗanyen abin da kike rabawa da shi yana ta raguwa a duk awo, sai layin ya lanƙwashe miki ta hanyar da ba gaskiya ba. In kina son ki tsaya a kashi 8 cikin 100, nauyin ƙarshe zai zama 120 raba 0.92, wato wajen giram 130. Kinga daga kilo guda abin da za ki kwashe bai fi tafin hannu biyu ba. Ki lissafa wannan lambar tun kafin ki kunna obin ki rubuta ta a jikin tiren, ita ce za ta gaya miki lokacin saukewa, ba agogo ba, ba kuma taɓawa da yatsa ba.

Yanzu ki dubi yanda ruwan ke fita. A farko ruwan yana saman ɓawon, iska mai zafi tana kwashe shi cikin sauƙi, nauyi na ta faɗuwa kina jin daɗi. Amma ga irin waɗannan ɓawon wannan matakin gajere ne ƙwarai, wani sa'in ma ba za ki gan shi a awonki ba, kusan duk busarwar tana faruwa ne a matakin da gudu ke ta raguwa, inda dole ruwan ya ratso daga ciki zuwa waje ta cikin naman da shi kansa yana motsewa yana tsukewa. Kuma ruwan da ya rage a ƙarshe ba sake yake ba, yana manne da sukari da fektin, wato sinadarin da ke ba ɓawon danƙo, da faiba, fitar da shi na buƙatar lokaci sosai. Shi ya sa rabin ruwan zai iya fita cikin awa ɗaya da rabi amma ɗan abin da ya rage a ƙarshe ya cinye miki awa uku ko huɗu. In kika zana nauyi a kan lokaci za ki ga layin ya gangaro da gudu sannan ya kwanta ya yi doguwar jela, to wannan jelar nake so ki sa wa ido a duk abin da zan faɗa daga nan.

Abin da muke sawa a fomula shi ne MR, wato kason ruwan da ya rage daga cikin wanda zai iya fita: MR = (Mt − Me) / (M0 − Me). M0 ruwan farko, Mt ruwan da ke ciki a lokacin da kika auna, Me kuma ruwan da ba zai taɓa fita ba a wannan zafin da wannan laimar iskar ko da za ki bar shi kwana uku, dan ɓawon ya daidaita da iskar da ke kewaye da shi. Ɗalibai da yawa, har da takardun da aka buga, sukan jefar da Me su ce ƙarami ne, su rubuta Mt/M0 kawai, kuma ina kyautata zaton haka kika yi. A farkon busarwa gaskiya ba komai, me 0.05 zai yi wa 7.33? Amma zo mu je jelar. Kashi 8 na ɗanye daidai yake da 0.087 a lissafin busasshe. In kin jefar da Me, MR ɗin da kike nema shi ne 0.087 raba 7.33, wato 0.0119. In kuma Me ɗinki ya kasance misali 0.05, to MR ɗin gaskiya shi ne 0.037 raba 7.28, wato 0.0051, bai kai rabin wancan ba. Mu ɗauki fomula mafi sauƙi, wato ta Lewis da za mu zo kanta yanzu, da k = 0.5 a awa, k shi ne ma'aunin saurin bushewa, na farko zai ce ki sauke bayan awa 8.9, na biyun zai ce sai awa 10.6. Kusan awa biyu kenan tsakani, daga lamba ɗaya da aka raina aka jefar, kuma waɗannan awa biyun su ne tsakanin garin da zai zauna wata da watanni da wanda zai dunƙule cikin sati.

Su kuma fomulolin kar su ba ki tsoro, 'yan gida ɗaya ne. Ta Lewis ce uwarsu, tun 1921, wasu na ce mata ta Newton sabida ta yi kama da dokarsa ta hucewar abu mai zafi: MR = exp(−kt), t lokaci ne, lamba ɗaya tal ake nema a cikinta, wato k. A 1949 Page, yana aikin digirinsa na biyu a jami'ar Purdue ta Amurka a kan busar da ƙwayar masara, ya ɗora wa lokaci ƙarfi ya zama MR = exp(−k·t^n), kuma wannan n ɗin shi ke ba layin damar lanƙwasa ya bi awon, shi ya sa har yau ita ce ta fi dacewa da 'ya'yan itace da ɓawonsu a mafi yawan lokuta. Henderson da Pabis a 1961 suka sa a a gaba, MR = a·exp(−kt). Wang da Singh a 1978 suka zo da 1 + at + bt². Midilli da abokan aikinsa a 2002 suka haɗa kusan duka, MR = a·exp(−k·t^n) + bt, lambobi huɗu. To dole mai lambobi huɗu ta fi mai ɗaya manne wa awonki, ai ta fi gaɓoɓin lanƙwasawa, wannan ba shaida bace cewa ta fi fahimtar ɓawon. Kuma ki lura da wani abu, wannan bt ɗin na Midilli in b ya fito da alamar ragi kika ja lokacin ya wuce inda kika tsaya da awo, fomular za ta ba ki ruwa ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa, ita kuma ta Wang da Singh tana kaiwa ƙasa ta juyo sama kamar ɓawon ya fara shan ruwa a cikin obin. Suna aiki a cikin iyakar awon da aka yi, daga nan kuma kar ki yarda da su.

Dalilin da ya sa R² ya ruɗe ki kuwa mai sauƙi ne. MR yana tashi ne daga 1 ya gangaro kusa da sifili, duk layin da ya gangaro a lanƙwashe zai samu 0.99, dan kuskuren 0.01 ba komai bane a ma'aunin da ya kai 1. Amma mayar da 0.01 ɗin nan ruwa ki gani: 0.01 sau 7.28 shi ne 0.073, ɗora shi a kan 0.087 ya zama 0.16, wanda a lissafin ɗanye kusan kashi 14 ne. Wato fomula za ta iya samun R² na 0.998 tana ce miki garin yana kashi 8 alhali yana 14. Ni wannan ne abin da ya fi damuna a yawancin ayyukan da ake kawo min in duba, tebur cike da 0.99 an yi wa mafi girma baƙin rubutu an ce ita ce zakara, babu wanda ya koma ya tambaya shin ta faɗi gaskiya a wurin da ake sauke tire?

Ga yanda nake zaɓa. Ki lissafa RMSE da kai-sikwaya, dukkansu ma'aunin girman kuskuren fomula ne, dan ita kai-sikwayar tana rabawa ne da adadin awo bayan an cire adadin lambobin fomula, kenan tana ɗan hukunta mai lambobi da yawa, in kina da hali ki ƙara da ma'aunin Akaike, AIC, wanda aikinsa kenan takamaimai. Bayan haka ki yi abin da ya fi duk waɗannan amfani, ki cire abin da fomula ta faɗa daga abin da kika auna a kowane lokaci ki zana ragowar. In ɗigogin sun warwatsu sama da ƙasan sifili ba tsari, madalla. In kuma suka yi layi kamar maciji, sama a farko, ƙasa a tsakiya, sama a ƙarshe, to fomular ta kauce wa siffar busarwar komai kyan lambarta. Sannan ki sake lissafa kuskuren a kan awon da MR ya yi ƙasa da 0.1 kaɗai, nan za ki ga waɗanda suka yi kunnen doki sun rabu. In kin maimaita gwajin sau uku, kuma ya kamata a ce kin yi, ki gina fomular da biyu ki sa ta ta faɗi na ukun da bata taɓa gani ba. In biyu suka zo kusa da juna ki ɗauki mai ƙarancin lambobi, ni in Page ta yi aiki ba na neman wata. Kuma ki nemo k da n kai tsaye da Solver na Excel ko da manhajar R ko Python, kar ki dogara da dabarar nan ta ɗaukar log sau biyu dan layi ya miƙe, tana da amfani wajen samun lambar farawa amma tana karkatar da nauyin kuskuren. Wani ƙaramin abu da ke kada mutane: ki rubuta ko da minti kika yi aiki ko da awa, dan a fomular Page ba a juya k daga minti zuwa awa da ninkawa sau 60 kawai, sai 60 mai ɗauke da ƙarfin n.

Amma fa duk wannan lissafin a kan awo yake tsaye, in awon ya gurgunce babu manhajar da za ta gyara shi. Da wane sikeli kika auna? In samfurinki giram 100 ne na ɓawon ayaba, busasshen abin ciki giram 12 ne, a kashi 8 zai auna 13.04, a kashi 14 zai auna 13.95, tsakaninsu bai kai giram ɗaya ba, sikelin da ke tsalle giram ɗaya-ɗaya makaho ne a wannan wurin, sai mai nuna 0.01. Ki auna duk minti 10 ko 15 a awa ta farko, sannan duk rabin awa, daga baya duk awa, kuma kar ki daina dan kin ga ya kusa tsayawa, ki ci gaba har awo uku a jere su zo ɗaya, wannan nauyin shi zai ba ki Me na wannan zafin. Ki yi sauri wajen fitarwa da mayarwa dan duk buɗe ƙofa zafi na zubewa, ki sa ma'aunin zafi naki daban kusa da tiren kar ki yarda da lambar jikin obin, ki shimfiɗa ɓawon layi ɗaya kar wani ya hau wani tunda duk fomulolin nan na shimfiɗa marar kauri ne. In obin ɗin ba fanka ba mafitar tururi, to laima tana taruwa a ciki kina busarwa ne a cikin gumi. Iska mai digiri 30 da laima kashi 70 in aka ɗumama ta zuwa digiri 60 laimarta na sauka zuwa wajen kashi 15, wannan ƙishirwar ce ke jan ruwan, in baki bar jiƙaƙƙiyar iskar ta fita sabuwa ta shigo ba kin kashe ƙishirwar. Shi kuma busasshen nauyin da komai ya rataya a kansa, an saba samunsa ne a digiri 105 har nauyi ya tsaya, sai dai ɓawo mai sukari kamar na nunannen mangwaro yana fara ƙonewa a wannan zafin ya yi ta rage nauyin da ba ruwa ba, in akwai obin mai zuƙe iska ki yi a digiri 70.

Tunda kin yi zafi uku na san za a nemi ki fitar da Deff, wato saurin ratsowar ruwa daga ciki, daga dokar Fick ta biyu ta 1855 da warwarar da Crank ya yi mata ga abu mai faɗi: MR = (8/π²)·exp(−π²·Deff·t / 4L²). Za ki zana ln MR a kan lokaci da daƙiƙa, gangaren layin daidai yake da π²·Deff/4L². Misali kaurin milimita 3 mai bushewa ta fuska biyu, L rabin kaurin ne, mita 0.0015, in gangaren 0.5 ne a awa, wato 0.000139 a daƙiƙa, Deff zai fito wajen 1.3 × 10⁻¹⁰ m²/s, kuma kayan abinci galibi tsakanin 10⁻¹² da 10⁻⁸ suke faɗawa, in naki ya fita daga nan ki koma ki duba ma'aunanki. Amma a nan ɓawo yana da wani hali da yankakken nama na ɗan itace ba shi da shi, kuma ba kasafai ake kula da shi ba. Ɗauki ɓawon mangwaro ki juya shi a hannunki, bayansa sumul yake yana ƙyalli, wannan kaki ne da aka halicce shi da shi dan ya hana ruwa fita daga ɗan itacen, cikinsa kuma jiƙaƙƙe ne a buɗe. Kenan mafi yawan ruwan ta fuska ɗaya yake fita, in haka ne L ya fi kusa da cikakken kaurin ba rabinsa ba, kuma tunda L sau L ne a fomular, wato L², wannan zaɓin kaɗai yana canza Deff sau huɗu. Ki faɗi wanda kika ɗauka da dalilinki. Haka nan ki kwantar da ɓawon fuskar ciki na kallon sama, in kika kifa shi a kan tire marar huji kin rufe masa ƙofar da ya fi fita ta nan. Wannan ninkin kuma shi ke gaya miki in kauri ya ninka sau biyu lokaci zai ninka kusan sau huɗu, dan haka wuƙa ta fi maɓallin zafi tasiri, ki kankare ragowar naman da ya manne, ki yanka su kai ɗaya, musamman abarba da ɓawonta ke da tudu da kwari. Ki kuma ambata a rubutunki cewa fomular ta ɗauka kaurin baya canzawa, alhali ɓawon ayaba yana motsewa sosai ya nannaɗe, shi ya sa ake ce wa lambar ta kimantawa.

Ea kuwa, wato ma'aunin yanda zafi ke ƙara saurin ratsowar ruwan, ba wuya, ki zana ln Deff a kan 1/T, T ɗin a ma'aunin Kelbin wato ki ƙara 273.15, ki ninka gangaren da 8.314, dokar Arrhenius kenan. Amfaninta a aikace shi ne in Ea ta kai misali kilojul 30 a kowane mol, tashi daga digiri 50 zuwa 60 zai ƙara saurin da wajen kashi 40 cikin 100. Sai dai sauri ba shi kaɗai ake nema ba, a 70 zuwa sama bitamin C na lalacewa da sauri, launi na duhu, ƙamshi na gudu, kuma saman ɓawo mai sukari na iya ƙanƙamewa ya yi fata ya kulle ruwa a ciki, ki taɓa ki ji ƙamas ki karya ki tarar da ciki da taushi. A 50 kuma lokacin na tsawo har sinadaran da ke baƙanta ɓawo su samu damar aikinsu. Ni dai 60 nake farawa da ita ga ukun nan, sai in gwajin launi ko na sinadari ya nuna min in sauka.

To mu dawo kan kwalbar. Ɓawon nunannen mangwaro cike yake da sukari, kuma in aka busar da shi sukarin baya komawa ƙwaya-ƙwaya, yana daskarewa ne kamar gilashi, kuma kowane irin sukari yana da zafin da in aka wuce shi gilashin zai saki ya koma danƙo. Na sukuros wajen digiri 62 ne, na gulukos wajen 31, na furuktos kuwa wajen digiri 5 kacal, kuma ruwa ko ɗan kaɗan ne yana ƙara jawo wannan iyakar ƙasa sosai. Kenan garin da ya rage da ruwa kashi 13 ko 14 a zafin ɗaki ma ya riga ya wuce iyakarsa, ƙwayoyin garin suna yin laushi su manne da juna su yi gada a tsakaninsu, kwana kaɗan sai dunƙule. Na taɓa ganin wannan da idona a farkon aikina, na sauke ɓawon mangwaro da yamma yana karyewa ƙaras, na bar shi a buɗe a kan tebur ya kwana dan in niƙa da safe, ko da na dawo ya yi laushi yana lanƙwasuwa kamar fata, na ɗora a sikeli na ga ya ƙara nauyi, a dare ɗaya ya sha laimar ɗakin. Abin ya yi min ciwo dan aikin kwana biyu ne, amma tun ranar ban sake barin busasshen ɓawo ya huce a sarari ba. Dan haka ko dai kin sauke da wuri sabida lissafin da ya jefar da Me, ko ya sha laima tsakanin obin da kwalba, ko bilenda ta ɗumama shi kika rufe da zafinsa, kuma sau da yawa ukun ne suke haɗuwa.

Shi ya sa kashi cikin ɗari kaɗai baya isa, abin da ke hukunci shi ne aw, wato yanda ruwan da ya rage yake a sake, daga 0 zuwa 1. Yawancin bakteriya sai sama da 0.9 suke yaɗuwa, yawancin fumfuna na tsayawa a wajen 0.8, har da irin wacce ke haifar da gubar afalatoksin, ƙasa da 0.6 kuwa babu ƙwayar cutar da ke iya girma. Amma dunƙulewa tana riga fumfuna zuwa, gari mai sukari sai kin sauko da shi wajen 0.3 kafin ya zauna a warwatse. In babu na'urar auna aw akwai tsohuwar hanya mai kyau, a sa ɗan garin da aka auna a rufaffiyar kwalba tare da ƙaramin kofi na ruwan gishirin da ya ƙoshi har gishiri ya kwanta a ƙasa, gishirin girki yana riƙe laimar kwalbar a kashi 75, maganiziyam kulorayid a 33, litiyam kulorayid a 11, a bari har nauyi ya tsaya, daga nan ki ga ruwan da kowane gari ke riƙewa a kowace laima, ki ɗora fomular GAB a kai, wato wacce ke haɗa ruwan da gari ke riƙewa da laimar iska. Za ki ga na mangwaro ya fi sauran haɗama in laima ta yi sama, kuma wannan zanen zai gaya miki ainihin kashin da ya kamata ki tsaya a kai ga kowane ɓawo maimakon ki ɗora wa ukun lamba ɗaya.

Kafin busarwa ma akwai abin kula tunda ci za a yi. Ɓawo shi ne ya sha feshin maganin ƙwari da ƙura da hannun mutane, a wanke shi sosai tun yana jikin ɗan itacen kafin a fere, a zubar da duk wanda ya fara ruɓa ko fumfuna dan zafin digiri 60 baya kashe gubar da ta riga ta samu. Ɓawon mangwaro yana da sinadarin da ke sa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburin leɓe, ya kamata ki ambata. Na ayaba minti kaɗan ya ishe shi ya yi baƙi, tsoma shi a tafasasshen ruwa ko tururi na minti 2 zuwa 3, ko a ruwan sitirik asid kashi 0.5 zuwa 1, yana rage wannan, sai dai tsomawar tana canza ruwan farko da saurin bushewa kuma tana wanke wani ɓangare na sukari da bitamin, dan haka M0 bayan tsomawa ake aunawa, kuma wanda aka tsoma da wanda ba a tsoma ba kowanne da k ɗinsa.

Abin da nake so ki yi yanzu, ki fasa dunƙulen nan ki auna giram 5 ki busar har nauyi ya tsaya ki ga ruwan da ke ciki na gaskiya, ki kwatanta da abin da fomularki ta ce. Sannan ki sake zagaye ɗaya na mangwaro a digiri 60 ki bi shi har jelar ta kwanta ki samu Me, ki sake lissafa MR da shi. In kin sauke ki zuba shi kai tsaye a mazubi mai murfi da silika jel, wato ƙwayoyin nan masu shanye laima, ya huce a ciki, ki niƙa kaɗan-kaɗan kina tsayawa dan kar ya ɗau zafi, ki tankaɗe da rariya ɗaya ga duka samfuran, ki rufe nan take a kwalba mai roba a murfi ko jaka mai foyil, dan leda marar kauri tururi na ratsa ta. In kin gama ki turo min teburin lokaci da nauyi na zafi ukun, da kaurin ɓawon da irin sikelin da kika yi amfani da shi, mu duba ragowar tare. Allah ya ba da sa'a ƙanwata.